FAMFON RUWA MAI AIKI DA LANTARKI: DARASI A KAN SANYAYA INJIN MOTA

GABATARWA

Duk wanda ya san Minna, babban birnin Jihar Neja tun daga ƙirƙiro jihar a 1976, ya san irin zafin da ake yi a can a watannin Maris da Afrilu. A wannan lokaci zafin rana yakan haura digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci har ya doshi 40. A unguwar Sabon Gari, cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga, inda motoci da babura da masu ƙafa uku ke cuɗanya da masu saye da sayarwa, mota kan daɗe tana tafiyar hawainiya, inji yana aiki amma iska ba ta bugun gabanta. A irin wannan hali ne allurar zafi kan tashi, abin da direbobi ke kira obahitin.

Shekaru da dama kanikawa da direbobi sun saba da famfon ruwa iri ɗaya, watau wanda fambel ke juyawa. Yanzu kuwa motoci suna shigowa ƙasar nan da wani famfo dabam, wanda babu fambel a jikinsa ko kusa, wutar lantarki ce ke juya shi, kwamfutar mota kuma ke ba shi umarni. Wannan darasi zai bayyana yadda famfon yake aiki, da amfaninsa, da haɗarinsa, da kuma irin kulawar da yake bukata. An ɗauki Minna a matsayin misali, amma abin da za a faɗa ya shafi mai mota a Sakkwato da Maiduguri da Legas baki ɗaya. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, famfon lantarki na'ura ce mai kyau ga ƙasa mai zafi, amma ba ya jure ɗabi'un da tsohon famfo ya daɗe yana haƙuri da su.

DALILIN DA YA SA INJI KE BUKATAR RUWA

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona fetur ko gas a cikin silinda. Idan aka raba ƙarfin da ke cikin man nan kashi uku, kusan kashi ɗaya ne kawai ke tura motar gaba. Kashi na biyu yakan fita da hayaƙi ta salansa. Kashi na uku kuwa yakan shiga jikin ƙarfen injin ya zama zafi, kuma tilas ne a kwashe shi a zubar waje, in ba haka ba injin zai ci kansa.

Amma fa ba a son inji ya yi sanyi ƙalau. Yawancin injuna sun fi yin aiki daidai idan ruwansu yana tsakanin digiri 85 da 105. Idan ya gaza haka, mai ba ya ƙonewa sosai, baƙin mai ba ya sakin jiki, fistin da zobbansa su riƙa cinyewa da wuri. Idan kuma ya zarce haka da yawa, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Kan injin motocin zamani da alminiyan ake yin sa, shi kuwa alminiyan bai kai baƙin ƙarfe juriya ba. 'Yan mintoci kaɗan na zafi mai tsanani sun isa su jawo gyaran da zai cinye abin da mai tasi ya tara a watanni.

YADDA RUWA KE ZAGAYAWA

A jikin inji akwai hanyoyi da aka yi wa ruwa kewaye da silinda. Ruwa yakan bi ta cikinsu ya ɗauki zafi, ya fita ta tiyo na sama ya shiga lagireto, inda iska ke sanyaya shi, sa'an nan ya komo ta tiyo na ƙasa. Abubuwa huɗu ne ke tafiyar da wannan zagaye. Famfo shi ke tura ruwan. Fanka ita ke jawo iska idan mota tana tsaye. Tamostat ƙofa ce da ke rufe yayin da inji yake da sanyi, ta buɗe idan ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88. Murfin lagireto kuma yana danne ruwan da matsi, ta yadda maimakon ya tafasa a digiri 100 sai ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba.

Ba kowace mota ce ta bi wannan tsari ba tun asali. Yawancin motocin Ford Model T, waɗanda aka ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, ba su da famfo, ruwan zafi ne ke tashi sama da kansa, mai sanyi ya gangaro. Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ba ta da ruwa ma sam, iska ce ke sanyaya ta. Amma Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika hanyoyin ƙasar nan da ita, famfon fambel gare ta, kuma a kan irinsa ne akasarin manyan kanikawanmu suka koyi sana'a.

RAUNIN FAMFON FAMBEL

Famfon fambel ya yi wa jama'a aiki, ba shi da tsada, kuma kowane bakanike ya iya sauya shi. Rauninsa ɗaya ne: gudunsa yana ɗaure da gudun inji. Idan mota tana tsaye cikin cunkoso, a ce a shatale-talen Kpakungu da tsakar rana, inji yana juyawa sau 700 zuwa 800 a minti, famfo ma sai ya riƙa tura ruwa kaɗan kaɗan, alhali kuwa a lokacin ne iska ta ɗauke, kwalta tana turiri, na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara wa lagireto zafi. Idan kuma motar ta miƙa hanyar Suleja, inji ya kai juyi 2,500 ko 3,000 a minti, iska tana bugun lagireto yadda ya kamata, sai famfo ya riƙa tura ruwa fiye da bukata.

Wannan gudun da ya wuce kima ba kyauta yake zuwa ba. Ƙa'idar irin wannan famfo ita ce, idan aka ninka gudunsa sau biyu, ruwan da yake turawa zai ninka sau biyu, amma ƙarfin da yake ci daga inji zai ninka kusan sau takwas. Wannan ƙarfi kuwa daga tankin mai yake fitowa.

Har wa yau, da zarar an kashe inji famfon fambel ya tsaya cik. Ƙarfe yana nan da zafinsa, ruwa kuma ya daina motsi, saboda haka zafin kan inji yakan ƙara hawa na 'yan mintoci bayan an kashe mota. Wannan shi ya sa wani lokaci direba kan ji ruwa yana tafasa bayan ya tsaya a tasha, ko da yake a hanya allura ba ta tashi ba.

YADDA FAMFON LANTARKI KE AIKI

Famfon lantarki yana da ɗan injin lantarki nasa na kansa, wanda ke juya farfelar da ke tura ruwa. Wuta yake samu daga batir da altaneta, watau na'urar da ke cajin batir. A jikin inji akwai 'yan na'urori masu jin zafi, waɗanda ke sanar da kwamfutar mota halin da ake ciki. Ita kuma kwamfutar sai ta duba zafin ruwa da nauyin aikin da inji ke yi, ta umarci famfo ya yi sauri, ko ya sassauta, ko ya kusan tsayawa. Ta haka ruwa yake zagayawa gwargwadon bukata, ko da wane irin gudu inji ke yi.

An daɗe ana sa ƙananan famfunan lantarki a matsayin mataimaka, amma a 2004 kamfanin BMW na Jamus ya fito da inji mai silinda shida da ake kira N52, wanda babban famfonsa na lantarki ne. Kamfanin ya bayyana cewa wannan famfo wat 200 yake ci, alhali na fambel kan ci har kilowat 2 idan inji yana gudu sosai. A 2009 Toyota ta Japan ta sa irinsa a Prius, motar da ke haɗa fetur da lantarki, har injin ya zama ba shi da fambel ko ɗaya. Daga 2017 kuma Toyota ta sa shi a sabon injinta mai lita 2.5 na Camry, wadda ake kira samfurin 2018, daga baya ya shiga wasu injunan Corolla da RAV4. Tun da yake Camry da Corolla suna cikin motocin da 'yan Nijeriya suka fi saye, lalle ne yawan masu wannan famfo ya riƙa ƙaruwa a garejin Minna shekara bayan shekara. Motoci masu aiki da lantarki zalla su ma da irin wannan famfo suke sanyaya batir da inbata.

AMFANINSA

Na farko, yana tura ruwa da ƙarfi ko mota tana tsaye. Wannan shi ne babban alherinsa ga mai zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Bosso da Tunga a lokacin bazara.

Na biyu, yana iya ci gaba da aiki na 'yan mintoci bayan an kashe inji, ya kwashe zafin da ya taru. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga injuna masu turbo, domin zafin da ya maƙale a can kan ƙona baƙin mai ya zama gawayi. Saboda haka idan mai mota ya ji ɗan gunji a ƙarƙashin bonet bayan ya zare makulli, kada ya ɗauka matsala ce, kuma kada ya cire kan batir don ya tsayar da shi.

Na uku, da safiyar hunturu famfon yakan sassauta domin inji ya yi saurin ɗaukar zafin da ya dace, abin da ke rage cinyewar ƙarfe.

Na huɗu, yana rage shan mai. Gaskiya ragin ba mai yawa ba ne, kuma ba daidai ba ne wani ɗan kasuwa ya ce famfo zai raba kuɗin mai biyu. Amma tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka bayyana janye tallafin man fetur, kowace lita da ta tsira tana da daraja a aljihun mai iyali.

INDA HAƊARIN YAKE

Famfon fambel yakan yi gargaɗi kafin ya mutu. Boris ɗinsa ya yi ƙara, ko ruwa ya riƙa ɗiga, mai mota ya sami kwanaki yana shiri. Famfon lantarki kuwa sau da yawa yakan tsaya ne farat ɗaya, babu ƙara babu ɗiga, domin abin da ya mutu yana cikin sashen lantarkinsa. Idan ya tsaya ruwa ya tsaya gaba ɗaya, alhali inji yana ci gaba da ƙona mai. Ga shi kuma ya fi na fambel tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane shago ake samun na ƙwarai ba.

Manyan kamfanoni da kansu sun sha wahala da shi. A 2010 Toyota ta gyara Prius kimanin 650,000 a duniya, domin iska kan shiga famfon lantarkin da ke sanyaya sashen wutar motar ta rage gudun ruwa. A 2018 Audi ta kira motoci kusan miliyan 1.2 don a sauya musu ƙaramin famfon lantarki, saboda datti na iya toshe shi ko laima ta shige shi, ya yi zafi har ya kama da wuta. A watan Agusta 2024 BMW ta kira motoci fiye da 720,000 a Amurka, domin ruwa na iya ɗiga a kan mahaɗar wayar famfon ya haddasa gobara.

Abin lura a nan shi ne abubuwa uku da suka jawo waɗannan matsaloli: iska, datti, da laima a kan waya. Duka ukun suna nan a yalwace a hanyoyinmu da garejinmu. Kuma da yake motoci da yawa daga Amurka ake kawo su bayan an more su, mai yiwuwa ne wasu sun iso ba a yi musu gyaran ba. Mai irin wannan mota yana iya shigar da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ya ga ko akwai gyaran da ya rage. Ba a biyan ko kwabo.

ƊABI'UN DA KE KASHE SHI

Ɗabi'a ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto. Irin wannan ruwa yana ɗauke da ƙasa da sinadaran da ke daskarewa kamar yadda ake gani a cikin tsohuwar butar shayi, kuma yana jawo tsatsa. Tsatsar nan takan toshe lagireto, ta maƙale a farfela. A yawancin famfunan lantarki ruwan da ke wucewa shi ne ke sanyaya famfon kansa, shi ne kuma ke yi masa aikin mai, don haka ƙazamin ruwa guba ne a gare shi. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda littafin motar ya ambata. Wasu suna cewa wai na ƙasashen ƙanƙara ne kawai. Wannan kuskure ne, domin ban da hana daskarewa yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Idan mai kauri ne, a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir, watau wanda babu asid a ciki. Kada a haɗa iri biyu dabam dabam, domin wasu kan kumbura su yi kauri. A kuma ɓoye shi daga yara da dabbobi, domin yana da zaƙi a baki amma yana kashe ƙoda.

Ɗabi'a ta biyu ita ce cire tamostat da zarar mota ta iso, bisa zaton cewa ƙasarmu ba ta bukatarsa. A motar da kwamfuta ke sarrafa famfo, an tsara famfo da tamostat da fanka ne su yi aiki tare. Idan aka cire ɗaya, inji ba zai kai zafin da ya dace da wuri ba, kwamfuta ta riƙa ƙara masa mai tana zaton har yanzu da sanyi, shan mai ya ƙaru, fitilar gargaɗi ta kama.

Ɗabi'a ta uku ita ce haɗa waya kai tsaye. An saba haɗa fanka da makulli don ta riƙa juyawa kullum, wasu kuma sukan so yi wa famfo haka. Famfon da masana'anta ta sa yana jiran saƙo ne daga kwamfuta, kuma yanka wayoyinsa na iya ƙona shi ko ya lalata kwamfutar. Haka nan sa siririyar waya a madadin fiyus ganganci ne. Famfo mai wat 200 yana jan wuta wajen amfiya 15, wadda ta isa ta narka waya ta tada gobara.

Ɗabi'a ta huɗu ita ce barin iska a cikin hanyoyin ruwa. Duk lokacin da aka zubar da ruwa aka sake cikawa, tilas ne a fitar da iska, domin famfon da ke juyawa a bushe ba ya daɗewa. Kowace mota da tata hanyar. A injin N52, alal misali, akan kunna makulli ba tare da tada inji ba, a sa na'urar ɗumama ɗaki a ƙarshen zafi, a taka totur har ƙasa na daƙiƙa 10, sai famfon ya yi ta aiki da kansa wajen minti 12 yana korar iska. Bakaniken da bai san tsarin motar da ke gabansa ba, ya tambaya kafin ya taɓa.

Ban da waɗannan, yanayi ma yana da nasa. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan lagireto, a riƙa wanke su da ruwa marar ƙarfi. Da damina kuma, daga Mayu zuwa Oktoba, a guji kutsawa cikin ruwa mai zurfi, kuma a hana masu wankin mota harba ruwa mai matsi a kan mahaɗar wayoyi.

ALAMOMI DA ABIN YI A HANYA

Direba ya kula da waɗannan alamu: allurar zafi ta tashi da sauri, ko fitilar zafi ta kama ja, fanka ta riƙa ruri da dukan ƙarfinta ko da inji bai yi zafi ba, mota ta rasa ƙarfi ba dalili, domin kwamfuta takan rage wa inji aiki don ta cece shi, ko a kunna na'urar ɗumama ɗaki ta busa iska mai sanyi alhali allura tana sama, alamar ruwa ba ya zagayawa ke nan.

Idan haka ta faru, a sauka gefen hanya inda babu haɗari, a kashe inji nan take. Kada a ce bari a lallaɓa a kai Bida ko Lambata. Kuɗin jan mota bai kai kuɗin inji ba. A ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan mota, a fitar da fasinjoji nesa da titi. Kada a buɗe murfin lagireto sai an jira aƙalla rabin sa'a, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi kan yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. Bayan ya huce a duba yawan ruwa, a duba fiyus ɗin famfo. Idan ruwa cike yake, fiyus lafiya, amma zafi ya komo da an tada inji, to a nemi motar ja. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122 da ake kira kyauta. Kowace mota kuma ta kasance da tukunyar kashe gobara mai aiki.

SA WA TSOHUWAR MOTA FAMFON LANTARKI

Akwai famfunan lantarki da ake sayarwa don a ɗaura wa motar da ba ta zo da shi ba. Kamfanin Davies Craig na Ostireliya yana ƙera irinsu tun 1999, daga mai tura lita 80 a minti zuwa mai tura 150. Mai motar haya da obahitin ya addaba zai iya jin sha'awar haka. Amma kafin ya kashe kuɗinsa ya sani cewa a mafi yawan lokuta laifin ba na famfo ba ne. Sau da yawa lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta raunana, ko fambel ya yi sako-sako, ko tiyo yana yoyo, ko gasket ya riga ya ƙone. Famfo komai ƙarfinsa ba zai tura ruwa ta toshasshen lagireto ba. A fara da gyara waɗannan, masu araha ne, kuma galibi a nan matsalar ke ƙarewa.

Idan an tabbata komai lafiya, kuma aikin motar na cikin cunkoso ne, to ana iya sawa bisa waɗannan sharuɗɗa. A sayi famfon da aka ƙera domin injin mota, wanda girmansa ya dace da girman injin. Ƙananan famfunan gida da na hasken rana da ake jan ruwan tanki da su ba su jure ruwa mai digiri 100 ba, robarsu za ta saki. A ɗaura shi a ƙasa, a kan tiyon da ke komowa daga lagireto, domin irin wannan famfo ba ya tsotso ruwa, sai ruwa ya same shi. A ba shi waya mai kauri da rile da fiyus nasa. A haɗa shi da na'urar da ke sarrafa gudunsa bisa zafin inji, a kuma bi takardar masana'anta game da tamostat da tsohon famfo, kada a yi da ka. A gwada altaneta da batir a ga suna iya ɗaukar ƙarin nauyin, domin daga ranar nan lafiyar inji ta rataya a kan wuta. Daga ƙarshe a sa fitila ko ƙararrawa da za ta sanar da direba idan famfo ya tsaya. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, gara ya zauna da famfon fambel mai lafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

KIRA GA KANIKAWA DA 'YAN KASUWA

Sana'ar kanikanci ta sauya. Kunne da sifana kaɗai ba su isa motar zamani ba, sai an haɗa da na'urar da ake jona wa mota ta karanto abin da kwamfuta ta rubuta, da ma'aunin wuta, da littafin motar. Babban bakanike da mai wayarin mota su riƙa aiki tare, su kuma tura yaransu neman ƙarin sani. Minna tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, ga kwalejojin koyon sana'a a jihohi, ga kuma Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC, wadda horar da kanikawa yana cikin ayyukanta. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana iya tara 'ya'yanta don irin wannan horo.

Masu sayar da kayan gyara kuma su ji tsoron Allah, su bambanta wa mai saye sabo da tsoho, na asali da jabu. Tsohon famfon da aka ciro daga wata mota babu mai sanin kwanakin da suka rage masa. Mai saye ya nemi lambar kayan da ta dace da motarsa, ya karɓi rasit, kuma idan ya ga jabu ya kai ƙara ga Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ran fasinja ya dogara a kai.

KAMMALAWA

Mai mota ya fara da sanin irin famfon da ke motarsa, ya duba littafinta ko ya tambayi bakanike amintacce. Kowane mako, da safe kafin a tada inji, ya duba yawan ruwa a robar ajiya. Ya sauya ruwan a lokacin da littafin ya ƙayyade. Kafin zafin Maris ya shigo, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, ya sa a duba lagireto da murfinsa da tiyo da fanka da batir da wayoyin famfo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mota dukiya ce da ƙasa ke kashe kuɗin waje wajen shigo da ita da kayan gyaranta, kuma kowane injin da aka ceta daga ƙonewa riba ce ga mai shi da iyalinsa da ƙasa baki ɗaya.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Kashi nawa na ƙarfin mai ne ke zama zafin da ruwa zai kwashe?
2. Me ya sa famfon fambel ke gazawa a cikin cunkoso?
3. Waɗanne abubuwa uku ne suka jawo wa manyan kamfanoni matsala da famfon lantarki?
4. Me ya sa ruwan rijiya bai dace da lagireto ba?
5. Mene ne direba zai yi, bi da bi, idan fitilar zafi ta kama a hanya?
6. Waɗanne sassa ne za a fara dubawa kafin a yi tunanin sa wa tsohuwar mota famfon lantarki?